Manufar Amurka kan makaman nukiliya a zamanin yaƙin cacar baka: ta sauya da gaske ko jawabai ne kawai?

Tanimu_Funtua
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ana yawan cewa Amurka ta sauya manufarta ta nukiliya sau huɗu ko biyar tsakanin 1945 da 1991. Zamanin Eisenhower aka ce duk wanda ya taɓa ta ko ƙawayenta zai sha ruwan bama-bamai gaba ɗaya. Zamanin Kennedy aka ce martani zai zo daidai da girman harin. Daga baya aka ce tsoron halaka juna ne ke riƙe da zaman lafiya, sannan Nixon da Carter da Reagan kowa ya zo da nasa. Ni a ganina jawaban 'yan siyasa ne suka riƙa sauyawa. Ainihin jerin wuraren da za a buga, wanda hafsoshi suka riƙa tsarawa a hedikwatar rundunar jiragen jefa bam da ke Omaha, tsawo kawai ya riƙa ƙarawa har Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Mai hujja a kan akasin haka, bismillah.

Malam_Isiyaku
Wa alaikumus salam. Malam Tanimu, daga tsakiya ka fara lissafi. Koma 1946. Dokar da majalisa ta yi a shekarar ta danƙa makaman ne a hannun hukumar farar hula, ba soja ba. Ƙwayar plutoniyam tana ajiye daban, gangar bam ɗin daban, haɗa guda ɗaya kuma sai tawagar ƙwararru ta yi kusan kwana biyu a kai. A 1947 duka-duka bama-bamai 13 Amurka ke da su. A 1950 sun kai 299. Zuwa 1960 sun haura 18,000, akasarinsu a hannun soja, har Eisenhower ya amince da umarnin sirri da ya ba wasu manyan kwamandoji izinin harbawa idan an kawo hari aka kasa samun shugaban ƙasa. Wannan ba sauyin baki ba ne.

Dalilin kuwa kuɗi ne. Yaƙin Koriya ya ninka kasafin tsaro fiye da sau uku. Eisenhower ya hau mulki a 1953 da niyyar tsuke bakin aljihu, ya ga ɗaukar nauyin rundunonin ƙasa a Turai ya fi ƙera bam tsada nesa ba kusa ba. Jawabin da sakataren harkokin wajen Amurka John Foster Dulles ya yi a New York a Janairun 1954, na barazanar ramuwa da ruwan bama-bamai, sanarwa ce kawai ta shawarar da aka riga aka yanke a Oktoban 1953.

Hauwa_Zazzau
Ƙari a kan na Malam: gaggawar ta faro ne daga gwajin da Sobiyet ta yi a ƙarshen Agustan 1949, da wuri fiye da yadda masu leƙen asirin Amurka suka zata. Wata biyar bayan haka shugaba Truman ya ba da umarnin ƙera bam na haidirojin.

Injiniya_Bashir
Shi ne kuma ya rikita lissafin kowa. Bam ɗin Hiroshima ƙarfinsa kimanin tan 15,000 ne na nakiya. Gwajin da aka yi a Bikini ranar 1 ga Maris 1954 ya ba da tan miliyan 15, ninki dubu ke nan. Ba ma haka aka nufa ba, kusan miliyan 6 aka yi tsammani. Kuskuren daga sinadarin lithiyam ya fito. Nau'i biyu ne a cikin man bam ɗin, na 6 da na 7, masanan suka ɗauka na 7 ba zai shiga fashewar ba. Ashe idan nutron masu tsananin gudu suka doke shi, shi ma yana fitar da tiritiyam, wuta ta ƙara samun abinci. Ƙura mai guba ta zuba a kan mutanen tsibiran Marshall da wani jirgin masunta na Japan, ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya rasu. Tun daga nan aka san cewa ko ba a saita gari ba, iska za ta kai masa mutuwa har gida. Ku riƙe wannan, zai dawo idan aka zo maganar bugun sansanonin soja kaɗai.

Tanimu_Funtua
@Malam_Isiyaku, Allah ya gafarta Malam, batun wanda ke riƙe da makami daban, batun inda za a jefa shi daban. Dubi tsarin yaƙi na bai-ɗaya na farko, SIOP-62, wanda aka kammala a Disambar 1960. Bama-bamai sama da 3,200 a kan wurare 1,060, a tashi ɗaya. Sobiyet, ƙasashen gabashin Turai, har da Sin ko da ba ta shiga yaƙin ba. Babu tsayawa a ga ko abokin gaba zai nemi sulhu. Shi ne uban duk tsare-tsaren da suka biyo baya, kwaskwarima kawai aka riƙa yi masa.

Sani_Dogondutsi
Abu biyu ne suka kashe manufar Dulles. Na farko, wa zai gaskata ta? Idan sojan Sobiyet suka tare hanyar Berlin, da gaske shugaban Amurka zai ƙone Mosko alhali ya san New York ce za ta biya? Barazanar da mai ita ba zai iya cikawa ba, ba ta hana kowa komai. Na biyu, rauni. Masu bincike na cibiyar RAND, musamman Albert Wohlstetter, sun nuna cewa jiragen da ke jere a filaye ƙalilan ana iya ragargaza su tun kafin su tashi. Sai ga Sputnik, tauraron ɗan'adam na Sobiyet, a Oktoban 1957. Rokar da ta kai tauraro sama za ta iya kai bam Amurka cikin kusan minti 30. Daga nan aka daina tambayar nawa muke da su, aka koma tambayar nawa za su rage mana idan an riga mu bugu.

Amsar ita ce a girka tukunya a kan duwatsun murhu uku. Jiragen jefa bam na B-52, makamai masu linzami na ƙasa, da jiragen ruwa masu nutso. Makamin ƙasa na farko, Atlas, mansa ruwa ne, sai an ɗura masa oksijin mai tsananin sanyi kafin harbi, aikin kusan minti 15, ga shi a fili kowa na iya bugunsa. Minuteman kuwa daskararren mai gare shi, yana cikin ramin siminti, yana tashi cikin minti guda. An tsaya a kan 1,000, da Titan II guda 54. Jiragen nutso 41, kowanne da makamai 16, jimla 656, na farkonsu ya fita sintiri ɗauke da makamai masu linzami na Polaris a Nuwamban 1960. Su ne ba a iya ganowa balle a buga, don haka su suka tabbatar da ramuwa.

Malama_Rabi
Malam Tanimu yana da gaskiya a wani wuri da mutane ke yawan ruɗewa. A Yunin 1962 sakataren tsaro McNamara ya yi jawabi a Ann Arbor cewa idan yaƙi ya ɓarke makaman Sobiyet za a saita, a bar birane, don su ma su ga ribar ƙyale biranen Amurka. SIOP-63 ya raba harin gida-gida: makaman nukiliyar abokin gaba, sauran sansanonin soja, sannan birane da masana'antu, ana kuma iya cire Sin ko wata ƙasar gabashin Turai daga jerin. Matsalar da ta taso ita ce rundunar sojan sama ta mai da jawabin takardar neman kuɗi. Idan aikinka shi ne rusa kowane makamin Sobiyet, duk sanda suka ƙera ɗaya kai ma sai an ƙara maka, abin ba shi da ƙarshe. Suka nemi Minuteman dubbai.

Shi ya sa McNamara ya juya ya kawo ma'aunin tabbacin halaka. Idan bayan an buge mu za mu iya kashe kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na jama'arsu, mu rusa rabin masana'antunsu, ya wadatar. Lissafin ofishinsa ya nuna kimanin megatan 400, wato ƙarfin tan miliyan 400 na nakiya, sun isa, ƙari a kan haka ɓarnar kuɗi ne domin manyan biranen sun riga sun ƙare. Ma'auni ne na taka wa hafsoshi birki a kasafi. A Omaha kuwa ba a daina saita makaman Sobiyet ba ko na rana ɗaya. Mai cewa tsarin yaƙin Amurka a 1967 ƙone birane ne kawai, jawabi ya karanta, bai duba tsarin ba.

Dan_Maradi
Tambayar da ɗan'uwa Sani ya kawo ta New York, ita ce hujjar da shugaban Faransa de Gaulle ya riƙa kafawa kan cewa dole Faransa ta mallaki nata bam ɗin. A ƙofar gidanmu kuma aka gwada shi, a Reggane cikin hamadar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960. Gana ta riƙe kadarorin Faransa don nuna fushi, bayan gwaji na uku kuma gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961. Turjiyar Faransa ce ta sa NATO ba ta karɓi manufar martani daki-daki ba sai 1967, bayan Faransa ta janye daga rundunar haɗin gwiwa a 1966. Mutanen yammacin Turai suna tsoron a mai da ƙasashensu filin daga, Amurka da Sobiyet su tsira da garuruwansu.

Hauwa_Zazzau
Tsoron nasu da tushe. A wani atisayen NATO na 1955 an kwatanta jefa ƙananan bama-bamai sama da 300, akasarinsu a ƙasar Jamus, lissafi ya ba da Jamusawa miliyan 1.7 matattu cikin 'yan kwanaki, ban da waɗanda ƙura za ta kashe. Duk da haka makaman Amurka a Turai sai da suka kai kusan 7,000, har da harsasan igwa da nakiyoyin binnewa. Ga kuma abu ɗaya da bai taɓa motsi ba, wanda ke goyon bayan Malam Tanimu: Amurka ba ta taɓa alƙawarin cewa ba za ta fara amfani da nukiliya ba, saboda tana ganin tankokin ɓangaren Sobiyet sun rinjayi na NATO. Sin ta yi wannan alƙawari a 1964, shugaban Sobiyet Brezhnev ya yi a 1982.

Nura_Kumasi
Kada a manta da haɗurra, su ma sun tilasta sauyi. Daga farkon shekarun 1960 akwai B-52 ɗauke da bam a sama dare da rana don kada a ritsa su a ƙasa. A Janairun 1961 ɗaya ya tarwatse kusa da Goldsboro a Amurka, bam biyu suka faɗo, guda ya bi kusan duk matakan tashi, makunni ɗaya ne ya hana. A Janairun 1966 wani ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a saman Palomares a Sifaniya. Cikin bama-bamai huɗu, nakiyar da ke kewaye da ƙwayar biyu ta fashe ta watsa plutoniyam a gonaki, ɗaya kuma sai bayan kusan kwana 80 aka tsamo shi daga teku. Bayan haɗarin Thule a Greenland a Janairun 1968 aka soke wannan sintiri kwata-kwata. Haka makullai masu lambobin sirri da ake saka wa bama-bamai. Kennedy ya ba da umarnin saka su a 1962, bayan 'yan majalisa sun je Turai sun tarar da jiragen ƙawaye ɗauke da bam na Amurka, soja ɗaya tak ke gadi da bindiga.

Ummu_Sadiq
A 1962 ɗin dai, a rikicin Kyuba, saƙo tsakanin Washinton da Mosko yana ɗaukar awoyi kafin a fassara a isar. Shi ya haifar da layin kai-tsaye na 1963. Ba wayar tarho ba ce kamar yadda ake zato, na'urar buga saƙo ce, don rubutu ya fi murya wuyar jawo rashin fahimta.

Malam_Isiyaku
Mu dawo kan tambayar. A wurina babban sauyi shi ne yarjejeniyar 26 ga Mayu 1972, ranar da Amurka da Sobiyet kowacce ta sa hannu cewa ba za ta gina wa jama'arta garkuwa daga makamai masu linzami ba. A Glassboro a 1967 McNamara ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da firimiyan Sobiyet Kosygin cewa garkuwa haɗari ce, Kosygin bai karɓa ba a lokacin. Hujjar kuwa ga ta. Ƙara kan bam ɗaya ko na bogi ya fi ƙera makamin kakkaɓo shi araha, don haka duk garkuwar da ka gina za a cika ta da yawa. Sannan garkuwar da ba za ta tare cikakken hari ba tana iya tare ragowar da suka tsira bayan kai ka fara bugu, don haka mai gina ta ana yi masa kallon mai shirin farawa. An amince kowa ya kare wuri biyu da makaman kakkaɓowa 100 a kowanne, a 1974 aka rage zuwa wuri ɗaya. Sobiyet ta kewaye Mosko. Amurka ta gina nata a Dakota ta Arewa, ya fara aiki a 1975, cikin 'yan watanni majalisa ta sa aka rufe shi.

Injiniya_Bashir
Sai dai yarjejeniyar SALT ta taƙaita makamai da aka sa wa hannu a wannan ranar rokoki ta ƙirga, ba ta ƙirga kawunan bam da ke kansu ba. Tun 1970 Minuteman III na ɗauke da kawuna uku, daga 1971 Poseidon na jiragen nutso kimanin 10, kowane kai da inda zai faɗa. Amurka ba ta matsa a hana wannan fasaha ba saboda tana gaba. A 1975 Sobiyet ta fara girka nata, rokokinta kuma sun fi girma, SS-18 daga baya ya ɗauki 10.

Ga lissafin. Don a tabbatar an rusa rami ɗaya ana ware masa kawuna biyu. Idan kowace roka kai ɗaya gare ta, mai fara hari zai kashe biyu ya rusa ɗaya, shi ke da asara. Idan kowacce na da 10, roka ɗaya za ta rusa ramuka biyar, kawuna 50 na abokin gaba ke nan. Riba ta koma wurin wanda ya riga. Abin da ya biyo baya shi ne dogaro da harbawa da zarar na'ura ta yi gargaɗi. Cikin minti 30 ɗin nan tauraron ɗan'adam zai hango wutar tashi, rada ta tabbatar, hafsoshi su yi taro ta waya, abin da zai rage wa shugaban ƙasa 'yan mintoci ne. Ranar 9 ga Nuwamba 1979 aka saka faifan atisaye a kwamfutar NORAD, cibiyar gargaɗin hari ta Arewacin Amurka, allo ya nuna gagarumin hari. Ranar 3 ga Yuni 1980 wata 'yar ƙwayar lantarki da ta lalace ta riƙa rubuta 2 inda ya kamata a ga sifiri, har matuƙan B-52 suka ta da injuna. Abin da ya tsai da lamarin a duka biyun shi ne duba rada da tauraro kai-tsaye, aka ga babu komai a sama.

Tanimu_Funtua
Injiniya, hujja ka ƙara mini. Kawunan dogon zango sun ninka fiye da sau biyu a shekarun 1970, sai aka shiga nemo musu wuraren faɗawa. Makami ne ke ja, manufa na biye.

Malama_Rabi
Ba ko'ina ba, Malam Tanimu. Tun 1970 Nixon ya yi ƙorafi a rahotonsa ga majalisa cewa bai dace a bar shugaban ƙasa da zaɓi ɗaya tak na halaka fararen hula ba. Mafi ƙanƙantar zaɓi a tsarin da ya gada ya ƙunshi bam sama da dubu. Umarnin Janairun 1974, wanda ake jingina wa sakataren tsaro James Schlesinger, ya sa aka tsara ƙananan hare-hare, aka kuma ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai ƙarshe. An shigar da su SIOP-5 a 1976. An ma ƙara na'urar da ke ba da damar sauya saitin Minuteman III daga ɗakin harbi cikin kusan rabin awa, maimakon tura ma'aikata rami-rami. Ba a fafe gora ranar tafiya, zaɓin da ba a riga an saka a na'ura ba babu shi. A Yulin 1980 Carter ya fitar da umarni mai lamba 59, wanda ya karkata zuwa abin da ake ganin shugabannin Sobiyet sun fi ji da shi: maɓoyarsu ta ƙarƙashin ƙasa, hanyoyin ba da umarni, da rundunoninsu. A nan manufa ce ta ja na'ura.

Sani_Dogondutsi
An tsara, Malama, amma zai yi aiki? In ka kashe shugabannin, da wa za ka tsai da yaƙin? Radar Sobiyet ba za ta bambance ƙaramin hari da farkon babba ba. Bugun ramuka yana buƙatar bam ya fashe a ƙasa, shi ne kuma ya fi ta da ƙurar da Injiniya ya ambata, miliyoyi za su mutu ko ba a taɓa gari ba. Ga raunin wayoyi: gwajin da aka yi can sama a kan tekun Pasifik a Yulin 1962 ya kashe fitilun titi a Hawai, nisan kusan kilomita 1,400. Sobiyet kuma a fili ta yi watsi da batun yaƙin nukiliya mai iyaka.

Nura_Kumasi
Reagan shi kaɗai ya ɗauko sauyi biyu masu karo da juna. A 1981 umarninsa yana maganar yin galaba a dogon yaƙin nukiliya. A 23 ga Maris 1983 ya sanar da shirin garkuwa daga sararin samaniya, wanda ke neman tumɓuke abin da Malam Isiyaku ya bayyana. A ƙarshen shekarar aka fara girka makamai masu linzami na Pershing II a Jamus ta Yamma, 108 aka tsara, tare da makaman kuruz 464 a ƙasashe biyar, martani ga makaman SS-20 na Sobiyet. Sai ga shi a Geneva a Nuwamban 1985, shi da Gorbachev sun fitar da sanarwa cewa ba a cin nasara a yaƙin nukiliya kuma bai kamata a yi shi ba. A Disambar 1987 suka amince a lalata duk makaman ƙasa masu zangon kilomita 500 zuwa 5,500. Amurka ta lalata 846, Sobiyet 1,846. Masu sa ido na Amurka suka tare a ƙofar masana'antar Votkinsk suna duba abin da ke fita, na Sobiyet suka zauna a Magna cikin jihar Utah.

Tanimu_Funtua
Duk da haka, da sakataren tsaro Dick Cheney ya sa aka bi tsarin yaƙin layi-layi daga 1989, me aka tarar? Wurare sama da 12,000, ɗaruruwan kawuna a kan Mosko da kewayenta kaɗai, bayan shekara kusan 30 ana ba da umarnin a bar ƙofar ƙyale birane. Umarnin farar hula yana sauka Omaha, ya narke cikin ƙa'idojin lissafin ɓarna da babu wanda ke dubawa daga waje. Janar Lee Butler da ya karɓi rundunar Omaha a 1991 dubbai ya goge daga jerin.

Malam_Isiyaku
Amma cewa ƙaruwa kawai aka yi ta yi bai zauna ba. Yawan makaman Amurka ya kai ƙololuwa a 1967 da 31,255, daga nan ya fara sauka. Jimlar ƙarfin fashewa ma tun 1960 ta kai ƙololuwarta, zuwa 1980 ta faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu. Ranar 27 ga Satumba 1991 kuma shugaba Bush babba ya sauke jiragen jefa bam daga shirin ko-ta-kwana, ya janye harsasan igwa da gajerun makamai na ƙasa, ba tare da jiran yarjejeniya ba. Gorbachev ya mayar da irin haka bayan kwana takwas.

Dan_Maradi
Na 1991 ai abokin gaba ne ya sauya, Malam. Minuteman III kuma suna nan a ramukansu cikin shiri.

Injiniya_Bashir
Faɗuwar ƙarfin fashewa ma a yi hattara da ita, Malam Isiyaku, ba lallai sassauci take nunawa ba. Wajen rusa ramin siminti, rage kuskuren saiti da rabi daidai yake da ninka ƙarfin bam sau takwas. Da saiti ya gyaru, ba a buƙatar kan megatan 9 irin na Titan II, ƙaramin kai na tan dubu 300 ko 400 zai yi aikin da ya fi nasa. Makamin MX da aka so a riƙa yawo da guda 200 tsakanin maɓoya 4,600 a Utah da Nevada ya ƙare da 50 kacal a tsofaffin ramuka a Wyoming, amma saitinsa ya kai na bugun rami. Trident II da ya shiga aiki a 1990 ya ba jiragen nutso wannan iko, su da a zamanin Polaris birane kaɗai suke iya samu.